Tambaya da Amsa: Wa Za Mu Damƙa wa Jinyar Iyayenmu a Gida?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ga abu guda, wato yadda za a kula da tsoho ko marar lafiya a cikin ɗakinsa idan 'ya'yansa ba su da halin zama da shi dare da rana. Mun zaɓi biyar daga cikinsu mun taƙaita, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malama. Mahaifinmu ya haura shekara 70, ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama, kuma an sallame shi daga asibiti. Ba ya iya tashi sai an ɗaga shi, yana ƙwarewa idan ya sha ruwa, kuma da robar fitsari aka dawo mana da shi. Mu 'ya'yansa duk muna fita aiki, mahaifiyarmu kuma ƙarfinta ya ƙare. An kawo mana wani matashi da ya ce ya yi makarantar kiwon lafiya, akwai kuma wani kamfani da ke tura masu jinya gidaje, amma kuɗinsa ya ninka na matashin. Wanne za mu ɗauka, kuma ta yaya za mu gane ana yi wa Baba abin da ya dace? Daga wani ma'aikacin gwamnati a Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Malam, kafin ku tsaya a kan mutum, ku fara tantance aikin da kuke so a yi, domin jinyar mai irin wannan lalura aiki uku ce, kuma ba mutum ɗaya ke da hurumin yin su duka ba. Akwai hidimar jiki ta yau da kullum, wato wanka, wanke baki, sauya tufafi da shimfiɗa, ciyarwa, juya majinyaci da gyara shi idan ya yi bayan gida, kuma duk mai hankali da tsafta da haƙuri zai iya ta idan an koya masa. Akwai aikin asibiti, irin su sauya robar fitsari, allura, wanke gyambo mai zurfi da sa robar abinci ta hanci, wanda ba ya halatta sai ga ma'aikacin lafiya mai lasisi. Sannan akwai gashin ƙashi, wanda likitan fannin ne zai tsara shi, ya nuna wa mai jinya motsin da zai riƙa yi wa gaɓoɓin Baba kafin ranar da zai sake dawowa. Ɓarna takan auku ne idan wanda aka ɗauka don aiki na farko ya zarce zuwa na biyu, iyali kuma suka yi shiru saboda sun gan shi cikin farar riga.

Saboda haka, cewar matashin ya yi makarantar kiwon lafiya ba ta isa amsa ba, tun da wanda ya karanta aikin duba-gari ma makarantar lafiya ya yi, amma ba a koya masa sa robar fitsari ba. Ku tambaye shi wace makaranta ce, wane fanni ya karanta, kuma ya nuna muku takardarsa ta asali. Nas da ungozoma suna da rajista da majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, kuma lasisinsu yana da wa'adi, sabunta shi ake yi. Jami'an lafiya na matakin farko, waɗanda suka fito daga kwalejojin fasahar kiwon lafiya, hukumar CHPRBN ce ke yi musu rajista, likitocin gashin ƙashi kuma suna ƙarƙashin hukumar MRTB. Idan ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, hakan bai hana a ɗauke shi ba, amma a ɗauke shi a matsayin mai hidimar jiki, a kuma gaya masa haka ƙarara tun ranar farko.

Kamfanin ma tsadarsa ba shaida ba ce. Ku nemi ganin rajistarsa, kuma tun da a Kano kuke, ku tambaya ko hukumar PHIMA, wadda ke sa ido a kan cibiyoyin lafiya masu zaman kansu a jihar, ta san da zamansa. Tambayoyin da suka fi tona asiri su ne ko akwai nas mai lasisi da ke zagayowa duba aikin ma'aikatansu, wa zai maye gurbin mai jinyar ranar da bai zo ba, da kuma wa za a kira da tsakar dare idan jikin Baba ya rikice. Kamfanin da iyakar aikinsa ya haɗa ku da mutum ya karɓi la'adarsa ya ja gefe, dillali ne, kuma bai cancanci ninkin kuɗi ba.

Ina so ku san gaskiyar inda muke ta fuskar hukuma. Najeriya tana da dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa ta shekarar 2017, wadda aka sa wa hannu a farkon 2018, cibiyar kuma ta fara aiki a 2021, shekarar da gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Wannan mataki ne mai kyau, amma mutumin da kuka ɗauka da kanku kuka sa a ɗakin Baba, babu jami'in da zai ƙwanƙwasa ƙofa ya zo duba aikinsa. Ku ne masu duba shi. Don haka ku karɓi lambarsa ta NIN, ku san gidansu, ya kawo dattijai biyu da za su tsaya masa, a kuma sanar da mai unguwa. Idan ya taɓa jinya a wani gida, ku je ku same su da kanku ku tambaye su ko za su yarda su sake ɗaukarsa, domin amsar wannan tambaya da yadda aka ba da ita sun fi takardar yabo faɗin gaskiya. Ku kuma shawarci Baba, ko da da ka zai amsa, domin jikinsa za a taɓa, al'aurarsa za a gani, kuma dattijon da ya yi shekaru yana riƙe da gida ba ya son a yanke hukunci a kansa yana kwance yana ji. Makon farko kada a bar su su biyu, wani daga cikinku ya ɗauki hutu ya zauna, a kuma gayyato nas ta nuna aikin da hannunta a gabanku duka.

Amma tambayarka ta biyu ita ce mafi nauyi, kuma amsarta tana jikin Baba. Fara da fata. Mutumin da ba ya iya juya kansa, nauyin jikinsa yana danne jijiyoyin jini a wuraren da ƙashi ya taso, kuma cikin sa'o'i kaɗan naman wurin zai fara mutuwa tun daga ciki, abin da ke zama gyambon kwanciya. Wuraren su ne ƙasan baya a saman ɗuwawu, kwatangwalo, diddige, idon sawu, allon kafaɗa, ƙeya da gefen kunne. Ana so a riƙa sauya masa kwanciya kamar bayan kowace awa biyu, har da dare, a sa filo tsakanin gwiwoyinsa, a sa wani a ƙarƙashin sha-raɓarsa don diddige ya tashi daga katifa. A fatarmu ta baƙaƙe ba ja ake fara gani ba kamar yadda littattafan Turawa ke nunawa, sai dai wurin ya fi kewayensa duhu, ko ya yi sheƙi, ko ka ji shi da ɗumi ko tauri. Idan an ga haka ba a murza wurin da man zafi, ɗauke nauyi ake yi daga kansa a kira nas. Kai da kanka ka riƙa ɗaga rigar Baba kana duba waɗannan wurare ko da sau biyu a mako, kada kunya ta hana ka. Shimfiɗa a jiƙe, ko zanin gado a tattare, ko famfas da ya kwana ba a sauya ba, duk suna gaggauta gyambon.

Sai ciyarwa. Ƙwarewar da ka ambata ba ƙaramin abu ba ce, domin abin da ya kauce hanya huhu yake gangarawa, kuma ciwon huhu irin wannan yana cikin abubuwan da suka fi kashe masu shanyewar jiki bayan an sallame su. Kada a taɓa ba shi komai yana kwance ko yana gyangyaɗi. A zaunar da shi sosai, a ba shi da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin a ƙara, kuma ya ci gaba da zama na aƙalla minti 30 bayan ya gama. Sau da yawa kunu mai ɗan kauri ya fi tsurar ruwa sauƙin haɗiya ga irinsu, amma likitansa ne zai faɗi kaurin da ya dace. A duba cikin kumatunsa na ɓarin da ya shanye, don abinci yakan maƙale a can, a kuma wanke masa baki safe da dare. Mai jinyar da ke gama ciyar da irin Baba cikin minti biyar, ɗura yake yi masa.

Wajen ɗaga shi, kada a ja hannun da ya shanye, domin naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, ja ɗaya yana iya gocar da ita ya bar masa ciwo na watanni. Jakar fitsari kuma kullum ta kasance ƙasa da mara, ba a kan gado ba, ba kuma a ƙasa tana jan ƙura ba, robar kada ta lanƙwashe, a wanke hannu da sabulu kafin a zubar da bayan an zubar. Fitsari ya tsaya, ko jini a ciki, ko zazzaɓi, ko ruɗewar da ba a saba gani ba, duk dalilan komawa asibiti ne a ranar. Ku sayi littafi guda na rubutu ku ajiye a gefen gado, mai jinya ya riƙa rubuta lokacin juyi, abin da aka ci, maganin da aka sha, awon hawan jini da ranar da aka yi bayan gida, ku kuma riƙa karantawa, ku tafi da shi duk ranar ganin likita.

Ra'ayina shi ne, idan matashin ya tsallake bincike, ku ɗauke shi don hidimar jiki, ku biya nas mai lasisi ta riƙa zuwa sau ɗaya ko biyu a mako, kuma wataƙila jimillar ba ta kai kuɗin kamfanin ba. Sai dai kada ku ɗora wa mutum ɗaya dare da rana kwana bakwai, domin wanda bai yi barci ba shi ne zai manta juyi, shi ne kuma zai yi tsawa. Ku raba kwana a tsakaninku, ku ba shi ranar hutu, ku biya shi a kan kari.

TAMBAYA: Malama, barka da aiki. Mahaifiyata tana da ciwon suga da hawan jini, kuma duk lokacin da jikinta ya mutu, matar da ke kula da ita takan kira wani yaro mai kemis a layinmu ya sa mata ƙarin ruwa, wani lokaci ya haɗa da allurar ciwon jiki. Hajiya tana cewa tana jin daɗinsa. Ni hankalina bai kwanta ba, amma yaron ɗan maƙwabta ne, ina jin nauyin hana shi. Daga wata malamar makaranta a Zariya.

AMSA: 'Yar'uwa, hankalinki ya gaya miki gaskiya, kuma ki tsayar da wannan abu tun yau. Lasisin da majalisar harhaɗa magunguna ta Najeriya, wato PCN, ke ba masu kemis na unguwa na sayar da ƙananan magunguna ne, bai ba su izinin allura ko ƙarin ruwa ba. Mun ɗauki ƙarin ruwa a matsayin maganin kasala, alhali ga tsohuwa mai hawan jini yana iya zama ajali, domin idan zuciya ko ƙoda ta yi rauni, ruwan da aka ɗura ba shi da wurin zuwa sai huhu, sai numfashi ya gagara. Idan kuma ruwan mai suga ne, ya ƙara hura wutar ciwon da ake fama da shi. Allurar ciwon jiki irin su diclofenac tana ɗaga hawan jini, tana cin ƙoda, tana kuma iya jawo zubar jini a ciki, musamman ga tsofaffi.

Abin da ya fi damuna shi ne babu wanda ya tambayi dalilin mutuwar jikin. Ga mai ciwon suga, yana iya zama sugan ne ya faɗi, ko ya hau sosai, ko ƙwayar cuta ce a mafitsara, ko ƙarancin jini, ko ma bugun zuciya, wanda a masu suga yakan zo ba tare da ciwon ƙirji ba. Ki sayi na'urar awon suga da ta awon hawan jini, ki koya wa mai kula da ita amfani da su. Idan Hajiya ta fara gumi, karkarwa, ko maganarta ta rikice, a auna nan take. Idan awon ya yi ƙasa da 70, ko ƙasa da 3.9 a na'urorin da ke amfani da ɗaya ma'aunin, kuma tana cikin hayyacinta, a dama ƙaramin cokali uku na suga a ruwa a ba ta, a sake aunawa bayan minti 15, sannan ta ci abinci. Idan ta fita hayyacinta kada a zuba mata komai a baki, a kwantar da ita a kan gefenta a nufi asibiti. Idan maganin suga mai suna glibenclamide take sha, ki sani yana iya sake kayar da sugan bayan sa'o'i, don haka ko ta farfaɗo a kai ta wurin likita ya sake duba maganin.

Ki kuma gargaɗi mai kula da ita a kan ruwan zafi. Ciwon suga yana kashe jin ƙafa, tsohuwa sai ta sa ƙafa a ruwan da ya yi zafi da yawa ba ta sani ba, ƙunar ta zama gyambon da ke kai wa ga yanke ƙafa. A riƙa gwada ruwan da gwiwar hannu, a duba tsakanin yatsun ƙafarta kullum.

Batun maƙwabtaka kuwa, ba sai an yi rigima ba. Ki je da Hajiya asibiti, ki gaya wa likitanta a gabanta, sannan ki shaida wa yaron da iyayensa cewa likita ya hana. Kin tsare mutuncinsu, kin kuma tsare yaron daga ranar da za a ce majinyaciya ta cika a hannunsa.

TAMBAYA: Malama, kakarmu ta samu gigin tsufa, tana fita ta ɓata, tana zargin mutane da sata. Kawunmu ya sa dillaliya ta kawo yarinya daga ƙauye, ba za ta wuce shekara 13 ba, ita ke kwana da ita. Da na je na tarar ana kulle su ta waje da dare, da kaskon wuta a ɗakin saboda sanyi, kuma na ga shatin igiya a wuyan hannun Iya. An ce ana ba ta ƙwayar barci don a huta. Ni jika ce, ina tsoron a ce na yi wa manya rashin kunya. Daga wata baiwar Allah a Katsina.

AMSA: Allah ya saka miki da alheri da kika duba hannunta. Akwai abin da ba zai jira taron dangi ba, shi ne kaskon. Gawayi a ɗaki rufe yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi, irin wadda ke fita daga janareta ta hallaka iyali guda a dare ɗaya. Ƙara da cewa an kulle ƙofar ta waje, idan zani ya kama wuta babu mai fita. A cire kaskon a daren nan, a ƙara musu bargo da safa, kuma babban mutum ya kwana a ɗakin ko a bakin ƙofarsa, a sa sakata a sama inda hannun Iya ba ya kaiwa, ko a rataya ƙararrawa.

Yarinyar ba ita ce mai laifi ba, ita ma an zalunce ta. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau, ta kuma haramta sa kowane yaro aikin da zai cutar da shi. Ko doka ba ta ce komai ba, hankali ya isa ya nuna cewa 'yar shekara 13 ba za ta iya da tsohuwar da ke tashi da tsakar dare tana neman hanyar garinsu ba. Igiyar da kika ga shatinta, ko yarinyar ce ta ɗaura don tsoron a doke ta idan Iya ta ɓata, ko wani babba ne ya ce ta ɗaura. Ɗaurewa tana ƙara wa mai gigin tsufa firgita, tana yanke fata, tana kashe ƙafafu. Ƙwayar barci irin su diazepam kuma tana ƙara ruɗewa, tana sa jiri da faɗuwa, kuma karayar ƙugu ga tsohuwa sau da yawa ita ce kwanciyar da ba a tashi. Kada a yanke ƙwayar farat ɗaya idan an daɗe ana ba ta, a kai wa likita kwalinta ya tsara yadda za a janye.

Gigin tsufa ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba maita ba ce, ba kuma neman fitina ba ne, kuma ana duba shi a sashen masu taɓin ƙwaƙwalwa na manyan asibitoci, da asibitoci na musamman irin na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato. Idan ruɗewar ta tsananta kwatsam cikin kwana ɗaya ko biyu, a fara zargin zazzaɓi, ciwon mafitsara, ƙishirwa ko rashin bayan gida. Zargin sata da take yi ba a musu da ita, a taya ta neman abin, a ja hankalinta zuwa wani zance. A ɗinka mata lambar waya a jikin zaninta, a kuma sanar da maƙwabta da masu shagunan layin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 6 na waɗanda suka kai shekara 60 suna fuskantar wani nau'in cin zarafi a cikin al'ummarsu a shekara guda, kuma mafi yawansa ba ya fita waje, saboda irin tsoron da kike ji. Ba sai kin tunkari kawunki ke kaɗai ba. Ki nuna wa mahaifiyarki ko gwaggonki hannun Iya, ko ki sami limamin unguwa ko wani dattijo da kawun ke jin nauyinsa, ki kuma zo da shawarar yadda za a raba kwana da kuɗin ɗaukar babbar mace, don kada maganar ta tsaya a zargi. Idan an ƙi ji, ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma yana karɓar irin wannan ƙorafi.

TAMBAYA: Ina aiki a Abuja, mahaifiyata tana gida da mai jinya. Ko ya dace in sa kyamara a ɗakinta in riƙa gani ta waya? Daga wani ɗan kasuwa.

AMSA: Alhaji, ɗakin na Hajiya ne, don haka izininta ne farko, kuma idan ta ƙi, magana ta ƙare. Idan ta yarda, a gaya wa mai jinyar, a kafa ta inda ba za ta ɗauki wurin wanka da sauya tufafi ba, kuma kada lambar sirrin ta yi yawo a hannun dangi. Kyamara ba ta jin warin shimfiɗa, ba ta ganin abin da ke ƙarƙashin zani, don haka 'yar'uwarka da za ta riƙa faɗowa gidan ba tare da sanarwa ba ta fi ta amfani. Katin banki da lambarsa kuma kada su zauna a hannun mai jinya, ka riƙa aika kuɗin cefane daban, ana rubuta abin da aka kashe.

TAMBAYA: Malama, muna zaune a Birmingham ta ƙasar Ingila tare da surukata wadda ta daɗe a nan. Ƙaramar hukuma ta haɗa mu da kamfanin da ke turo masu yi mata wanka, amma kullum sabuwar fuska, wani lokaci namiji, kuma ba sa cika minti 15 suke tafiya. Muna da ikon yin magana? Daga wata uwargida.

AMSA: Hajiya, kuna da iko, kuma a can tsarin a rubuce yake. Duk kamfanin da ke tura ma'aikata gidaje don wanka, sa tufafi, kai mutum banɗaki da makamantansu a Ingila, dole ne ya yi rajista da hukumar kula da ingancin jinya, wadda aka fi sani da CQC, da ta fara aiki a 2009, kuma yin wannan sana'a ba rajista laifi ne. Hukumar tana auna kamfani ta fuska biyar, wato tsaron lafiyar mutane, amfanin aikin, tausayi, biyan buƙatar kowane mutum da kyawun shugabanci, sannan ta ba shi ɗaya daga matsayi huɗu, daga mafi kyau zuwa wanda ya gaza. Rahoton kowane kamfani yana shafinta na intanet kyauta. Ki duba ranar da aka rubuta shi, domin binciken da Dakta Penny Dash ta yi wa hukumar a 2024 ya nuna cewa akwai wurare da yawa da aka daɗe ba a sake duba su ba.

Batun namiji, ki nemi a rubuta a cikin takardar tsarin jinyarta cewa mace kaɗai take so saboda addini da mutunci, a haɗa da abincin halal da lokutan salla, domin abin da ba a rubuta ba, sabuwar ma'aikaciya ba za ta san shi ba. Batun lokaci kuma, ƙa'idar da cibiyar NICE, mai tsara jagororin kiwon lafiya da jinya a Ingila, ta fitar a 2015 ta ce ziyarar jinya a gida kada ta gaza rabin awa, sai da wasu sharuɗɗa, kamar a ce ma'aikaciyar sananniya ce ga majinyaciya kuma ɗan ƙaramin aiki ne ya kawo ta. Wankan tsohuwa ba ya cikin wannan. Ki riƙa rubuta lokacin shigowa da na fita na mako biyu, ki kwatanta da abin da ke cikin takardar.

Ƙorafi ana fara kai shi ne ga kamfanin a rubuce, sannan ga ƙaramar hukumar da ta haɗa ku, idan ba a gyara ba sai ofishin mai sauraron koke-koken ƙananan hukumomi da jinyar manya. CQC tana son a sanar da ita, amma ba ita ke warware ƙorafin mutum ɗaya ba. Idan kuwa kin ga rauni, ko sata, ko an bar ta cikin ƙazanta, ki kira sashen kare manya na ƙaramar hukuma kai tsaye, domin dokar jinya ta 2014 ta wajabta musu bincike. Akwai kuma hanyar da ƙaramar hukuma za ta ba ku kuɗin a hannu ku ɗauki wadda kuke so, har mai jin Hausa idan kun samu. Sai dai wadda kuka ɗauka da kanku ba ta ƙarƙashin CQC, don haka ku nemi a yi mata binciken DBS na tarihin laifi, kuma ku sani cewa albashinta, hutunta da inshorar aiki sun dawo wuyanku.